Yafiyar da Ba Tawa Ba Ce

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, kai Abdul'aziz da ke Fauziyya. Bangon gidan nan namu na unguwar Ka'akiyya ba shi da kauri, kuma Larabcin da kuke saurin juyawa gare shi idan kun ga na shigo, ina jin sa tun kafin a haife ku. Kuna cewa taurin kan Ummi ne ya raba mu da unguwar Misfala ta kusa da Harami, ya raba mu da kicin ɗin da ya ciyar da mu shekara da shekaru, ya kuma raba ni da yayana ɗaya tilo. Duk wannan gaskiya ne, ban zo in musa ba. Amma rabin zance kuka sani, kuma rabin zance ya fi ƙarya ɓata suna. Saboda haka na zauna in rubuta shi da Hausa tun ina da sauran ido. In karatun ya yi muku nauyi ku nemi mai karanta muku, ku biya shi lada, horonku ke nan na raina harshen uwarku.

Kafin babanku ya je gida ya auro ni ya kawo ni Makka, ni mai buga tafireta ce a babbar kotun jiharmu. Shekara shida na yi ina buga hukunce-hukuncen alƙalai, har na haddace yadda suke magana. Ban zama lauya ba, amma wanda ya daɗe a gidan rini ba ya fita da farin hannu. Da na zo nan sai na ajiye tafireta na ɗauki muciya. Da tukunya ɗaya na fara, ina tuƙa tuwo ga alhazan da cikinsu ya ƙi shinkafar Larabawa, har Allah Ya sa hukumar alhazan jiharmu ta ba ni kwangilar ciyar da mutanenta duk shekara. Bayan rasuwar babanku aka mayar da lasisin da sunanka, Abdul'aziz, tunda kai ne ɗan ƙasa, amma kowa a Misfala ya san kicin ɗin Hala Rakiya ne, wato Inna Rakiya, ni ke nan. Ni ce kuma uwar adashin matan unguwa, daga Misfala har Hindawiyya: masu wanki, masu kitso, masu sayar da yaji da kuka, masu rainon 'ya'yan wasu. Abin da ba su yarda mazansu su gani ba, a ƙullin zanena yake kwana.

Wanda ya kawo mana maganar sukuk shi ne Nasiru, ɗan Yaya Habu, wanda nake gwaggonsa. Lauya ne a ma'aikatar shari'a ta jiha, yaro mai hankali da na goya a bayana kafin in baro gida. Ya zo Umara cikin azumi, ya zauna a tabarmata bayan an sha ruwa, ya ce gwamnatin jiha za ta gina makarantu amma ba ta son bashin ruwa. Don haka jama'a za su zuba kuɗi a yi ginin, ginin ya zama na masu zubawa, gwamnati ta riƙa biyan su haya duk wata shida, in wa'adi ya cika ta saye ginin ta mayar wa kowa uwar kuɗinsa. Mu mutanen Makka ba a koya mana haya, a cikinta aka yaye mu. Na gane zancen tun bai rufe baki ba, malamai biyu da na tambaya kuma suka ce halal ne. Amma tsohuwar ma'aikaciyar kotu ba ta yarda da daɗin baki, sai na yi masa tambaya ɗaya.

"In wannan gwamnan ya sauka, wani ya hau ya ce shi bai ci bashin kowa ba fa?"

"Gwaggo, ba da gwamna za ku ƙulla ba, da jiha za ku ƙulla. Majalisa ta yi doka a kai, an kuma ba da umarnin da ba a janyewa, cewa a cire kuɗinku daga kason jiha tun daga tarayya, kafin ya iso hannun kowane gwamna. Ko ni na hau kujerar ban isa in taɓa shi ba."

Na sa ya nuna mini wurin a takarda, na karanta da idona sau biyu, na ja layi a ƙarƙashinsa da biro. Daga nan muka yi wa adashinmu rajista a gida a matsayin ƙungiya, aka sa ni mai sa hannu a madadin kowa, muka sayi rabonmu ta hannun dillali. Wadda ta fi kowa zubawa ita ce Sitti Barira, wato kaka Barira yadda ake faɗa a nan. Tsohuwa ce da iyayenta suka taso da ita daga ƙauye tana 'yar shekara bakwai, suka ratso Sudan a ƙasa, ba ta kuma sake ganin gida ba. Ɗakinta na cikin waɗanda aka rushe don faɗaɗa Harami, sai ta kawo mini abin da ya rage mata na diyya a cikin gwangwanin madara. Ba ribar ce ta ja ta ba. Ta ji a jerin garuruwan da za a yi wa makaranta har da ƙauyen da aka binne cibiyarta, shi ke nan ta ce a rubuta sunanta, ta dangwala yatsa.

Shekara biyu haya tana zuwa a kan kari. Duk wata shida mu taru a kicin bayan La'asar, in karanto sunaye, kowa ta karɓi nata ta dangwala yatsa. Wata ta sabunta iƙamarta, wato takardar izinin zama, wata ta biya hayar ɗaki, wata ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Nasiru ya aiko mana da hoton makarantar ƙauyen Sitti Barira, jan rufi da shuɗin fenti, ta sa aka wanke mata shi ta liƙa kusa da hoton Ka'aba. Sannan aka yi zaɓe a gida, sabon gwamna ya hau, farashin mai ya faɗi, kason jihohi ya ragu, albashi ya gagara. Wata shida ya cika muka ji shiru. Ana nan sai ga labari a waya, wai majalisar jiha ta yi zama na yini ɗaya ta soke tsohuwar dokar, ta yi sabuwa da ta dakatar da biyan masu sukuk har sai abin da hali ya yi, gwamnati kuma ta rubuta wa tarayya a daina cire kuɗin. Ana cikin ja-in-ja a kan wasiƙar, kuɗin ya maƙale a tsakani, bai zo mana ba, bai je musu ba.

Ranar nan raina ya ɓaci ɓacin da ban taɓa ji ba tun rasuwar babanku. Ba kuɗin ne ya fi ƙona ni ba, rainin ne. Ka kira mutane su gina maka gida, ka shiga ka baje, sannan ka tara 'ya'yanka a tsakar gida ku yanke shawarar cewa daga yau babu haya. Na nemi lambar kamfanin amintattun da aka naɗa ya tsare haƙƙin masu sukuk, aka haɗa ni da lauyarsu, wata mace mai magana a hankali. Ta ce sun riga sun shigar da ƙara, ta fara yi mini bayani kamar tana magana da jahila, sai na ce ta tsaya in faɗa mata, in na yi kuskure ta gyara. Na ce tsarin mulki ya yi wa majalisar jiha shinge. Cin bashin jihohi da fitar da irin waɗannan takardu suna cikin abubuwan da majalisar tarayya ce kaɗai ke da hurumin yi musu doka, in kuma dokar jiha ta yi karo da ta tarayya, ta jiha ce ke faɗuwa. Na ce haƙƙin da ke cikin takardarmu dukiya ce kamar gona, kuma ba a karɓe dukiyar mutum da ƙarfi ba tare da diyya ba. Ta yi dariya ta tambaye ni inda na yi karatun lauya, na ce mata a bakin tafireta. Sannan ta gargaɗe ni da abin da ban sani ba. Ƙofa ɗaya ce ta rage wa gwamnati, ita ce masu sukuk su yarda da kansu a sauya alkawarin. In mafi rinjaye suka sa hannu, ƙarar ta mutu, kuma manyan kamfanonin da ke da kaso mai yawa sun rabu biyu, don haka kowane ƙaramin hannu ya yi tsada.

Da aikin Hajji ya matso Nasiru ya iso cikin tawagar jiha. Ya ƙara ƙiba, an kuma ƙara masa girma, ya zama mai ba sabon gwamna shawara kan shari'a. Ya same ni a kicin da hantsi, tukwane goma sha biyu a kan wuta, ina rabon aiki. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, ya ci tuwo da miyar kuka har ya nemi ƙari, sannan ya zaro takarda mai shafi uku. Na goge hannuna na sa tabarau. Takardar ta ce ƙungiyar matan Makka ta yafe hayar da ta taru, ta yafe ta shekaru masu zuwa, ta kuma yarda a mayar da uwar kuɗi a duk lokacin da gwamnati ta ga ta samu sarari. Babu rana, babu wata. Ya ce malaman makaranta sun yi wata da watanni ba albashi, ya ce asibitoci ba magani, kuma na san bai yi ƙarya ba. Ya ce rabonmu bai taka kara ya karya ba, amma in aka ji a rediyo cewa matan Makka, maƙwabtan Ɗakin Allah, sun yafe, babu wanda zai iya ɗaga kai ya ƙi. A nan na gane ba kuɗinmu kaɗai suke so ba, har da sunanmu za a yi bulala da shi. Na tashi na ɗauko tsohuwar takardar, na buɗe masa wurin da na ja wa layi.

"Wa ya karanta mini wannan a tabarmar can?"

"Ni ne, Gwaggo. Amma zamani ya canza."

"Zamani ya canza, rubutun bai canza ba. Ka ce ko kai ka hau kujerar ba ka isa ba. To ga shi ko hawa ba ka yi ba, a gefenta kake tsaye."

Bai yi fushi ba, ko kuma ya haɗiye. Da zai tafi ya tsaya yana kallon tukwanen, ya ce kwangilar abinci ta baɗi tana kan teburin mai girma gwamna, masu nema kuma sun yi yawa a bana, har da kamfanonin da ke da motocin sanyi. Ya ce shi dai yana iya ƙoƙarinsa a kaina. Hannunka mai sanda ke nan, kuma na gani sarai.

Kai Abdul'aziz kana tsaye a bakin ƙofa ka ji komai, kuma ba ka manta abin da ya biyo baya a gida ba, sai dai ka manta naka rabon. A lokacin an sa ranar aurenka, ka kama shagga, wato ɓangaren gida mai ɗakuna, a benen da ke kusa da namu, kana lissafi da kuɗin kwangilar baɗi. Kwana uku kana bi na daga kicin zuwa ɗaki. Ka ce me ya haɗa mu da rigimar ƙasar da ko sau uku ba ka taka ba. Ka ce gwamnati ba abokiyar faɗan mai tuwo ba ce, bakin rijiya kuma ba wurin wasan makaho ba ne, karin maganar da ban san ma ka iya ba. Fauziyya kuwa sai ta riƙa ajiye mini shayi da ƙarfi har yana fantsama.

"Ya Ummi, halas, ya isa, ki sa hannu mu huta. Lasisin nan da sunana yake, in aka rufe maɗbah, kicin ɗin nan, ni za a yi wa dariya a Misfala."

Na ce maka lasisin da sunanka yake, amanar kuwa da sunana take, kowa ya tsare nasa. Ka fita ka bugo ƙofa. Ban ji haushinka ba a ranar, tausayinka na ji, don na san ni ce zan jawo maka abin da kake tsoro.

Tunda ba haƙƙina ba ne ni kaɗai, na tara matan bayan an sauko daga Mina, na karanta musu takardar da Hausa kalma bayan kalma, na kuma faɗa musu halin da malaman makaranta ke ciki ban rage komai ba. Sitti Barira ce ta fara magana, tunda ita ce babba. Ta ce ita ƙafarta ɗaya tana kabari, me za ta yi da haya alhali malaman makarantar ƙauyensu suna kwana da yunwa. Ta ce wanda ya yafe a Makka Allah Yana ninka masa, ita ta yafe duniya da lahira, kuma tana ganin kowace 'yar halak za ta yafe. Kun san mu, ba a mayar wa tsohuwa magana a cikin taro, balle ta haɗa da Allah da Makka. Kowa ta sunkuyar da kai tana cewa haka ne, Sitti, Allah Ya ba da lada. Da a kotu ne da an rubuta cewa taro ya amince baki ɗaya. Amma ni na san taron mata, ainihin ƙuri'a ba a cikin ɗaki ake jefa ta ba. Washegari tun da safe suka fara zuwa ta ƙofar baya, inda ake zubar da ruwan wanke-wanke, ɗaya bayan ɗaya, kowace tana waige kada a gan ta. Wannan ta zo aron ludayi, waccan ta zo tambayar farashin kuka. Ladi mai wanki, bazawara mai 'ya'ya huɗu, ita ko dalili ba ta nema ba. Ta kama hannuna da hannunta da sabulu ya cinye, ta ce iƙamarta da ta yaran duk a kan kuɗin nan suke, in ya tafi sai dai a kwashe su a mayar da su ƙasar da yaran ba su taɓa gani ba.

"Hala, a gaban Sitti ba zan iya ba. Amma don Allah kar ki sa."

Kafin azahar na ƙirga mata goma sha tara da suka biyo ta ƙofar nan. Hannu ɗaya ne ƙungiya take da shi, nawa, babu yadda za a yi in yafe na Sitti in bar na Ladi. Na je har ɗakin Sitti Barira na gaya mata ba zan sa ba, ban kuma tona asirin kowa ba. Ta kalle ni ta ce ba ta san son kuɗi ya kai ni nan ba, ta juya fuskarta ga bango. Maganar nan ta yi mini zafi fiye da duk abin da kuka faɗa ku biyu.

Nasiru ya bar maganar har ranar tafiyarsu. Ya aiko cewa in zo Harami bayan La'asar mu yi sallama, zai yi ɗawafin bankwana. Ku da kuka tashi a nan kun san al'adar. Alhaji in zai tafi yakan nemi yafiyar wanda ya sauke shi, mai masauki kuma ba ya cewa a'a, ko da baƙon ya fasa masa tulu ya ci masa mutunci. Sau dubu na faɗi kalmar nan ga mutanen da ko sunansu ban riƙe ba. Na same shi a farfajiya ya gama ɗawafi, gumi na zuba, tare da shi akwai manyan tawaga uku, ɗayansu riƙe da waya a saitin fuskata. Nasiru ya durƙusa a kan marmara, ya juya ni yadda Ka'aba za ta kasance a gabana, ya ce in yafe masa duk abin da ya yi mini. Na ce na yafe. Sai ya buɗe jakar takalminsa, 'yar jakar nan da kowa ke ratayawa a wuya, ya zaro takardar da biro.

"To Gwaggo, don darajar wannan Ɗaki, ki cika yafiyar. Kar in bar Makka da nauyin nan a kaina."

Ba zan ɓoye muku ba, saura ƙiris in sa. Yaron da na goya ne a durƙushe, ga Ɗakin Allah, ga mutane sun fara tsayawa suna kallo. Na ji kunya ta rufe ni kamar ni ce mai laifi. Har na miƙa hannu. Abin da ya tsayar da ni shi ne biron, don da na kalli yatsuna sai na tuna hannun Ladi a cikinsu. Na mayar da hannuna cikin mayafi, na ɗaga murya yadda mai wayar zai ɗauka da kyau.

"Nasiru, abin da ka yi mini ni Rakiya, na yafe maka har ga Allah, ka tafi da farin ciki. Wannan takardar kuwa dukiyar mata ce da suka ba ni ajiya. Mai wannan Ɗakin Shi ne Ya ce a cika alkawari, Shi ne Ya ce a mayar da amana ga masu ita. Ba zan tsaya a ƙofarSa in yi kyauta da kayan mutane ba. Ka gaya wa mai gidanka, majalisarsa ba ta isa ta yafe wa kanta bashi ba, ni ma ban isa in yafe mata ba."

Mai wayar ya sauke ta. Nasiru ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa, ya mayar da takardar cikin jakar takalmi, wurin da ya dace da ita tun farko. Bai ce mini sai wata rana ba. Na taka zuwa gida, na shiga banɗaki na yi kuka inda ba za ku ji ba. A makon na aika wa lauyar amintattu takardar cewa ƙungiyar matan Makka tana nan a kan haƙƙinta, a sa sunanmu cikin masu goyon bayan ƙara.

Sauran kun gani da idonku. Kwangilar baɗi ta tafi ga masu motocin sanyi. Na sallami mata tara da ke aiki a ƙarƙashina, na sayar da tukwane goma sha ɗaya ga wani mai gidan abinci a Hindawiyya, ya saye su kamar ya tsinta. Hayar Misfala ta fi ƙarfinmu, muka kwaso kaya zuwa nan. Aurenka, Abdul'aziz, ya ja baya da shekara ɗaya da rabi, ka kawo amaryarka ɗaki ɗaya maimakon shagga. Yaya Habu ya aiko mini da saƙo cewa na tozarta ɗansa a gaban manya, bai sake ɗaukar wayata ba har ya koma ga Allah, ta'aziyyarsa ma a bakin wasu na ji. Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne wanda ya fi ci mini rai. Shekara talatin da wani abu ina jin kiran sallar Harami daga kan gadona, in taka da ƙafata in sami sahu. Yanzu sai na jira mota, sai na duba jakata, sai Juma'a zuwa Juma'a. Duk asubar da na ji lasifikar masallacin unguwa maimakon waccan muryar, nakan san abin da na biya.

Shari'a ta ɗauki kusan shekara biyu. Gwamnati ba ta sami rinjayen da take nema ba, kotu kuma ta ce sabuwar dokar ta wuce shingen da tsarin mulki ya yi wa majalisar jiha, alkawarin farko yana nan daram. Ba zan ce hannuna ne ya yi ba, hannaye da yawa ne suka ƙi, nawa ɗaya ne a ciki. Aka saki kuɗin da ya maƙale gaba ɗaya. Tunda babu kicin, a ɗakin nan na raba, mata suka cika shi har bakin matakala. Ladi ta karɓi nata ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi, ba wanda ya ce mata ta tashi.

Sitti Barira ba ta zo ba, ƙafa ta riga ta ƙi, kuma tun ranar nan gaisuwata kawai take amsawa a taƙaice. Na ɗauki nata na hau mota zuwa Misfala. Na same ta a kwance ƙarƙashin hotunan nan biyu. Na zuba mata kuɗin a cinya, ta sa na ƙirga a gabanta, ta dangwala yatsa a littafi. Ta daɗe tana shafa su. Sannan ta tambaye ni ko zan iya samo sunayen malaman makarantar ƙauyensu, da mai gadi, da mai shara. Na ce zan iya. Ta tattara kuɗin duka ta mayar cikin tsohon gwangwanin madarar, ta tura mini shi.

"Ki raba musu, kowa a hannunsa, kar ya bi ta ofishin kowa. Rakiya, ashe sai abu ya zo hannunka kake iya bayar da shi. Wancan da na ce na yafe, ba yafewa na yi ba, ƙwacewa aka yi ina taya su da baki."

Ta rasu kafin azumin shekarar, bayan ta ji muryar shugaban makarantar a waya yana sa mata albarka. Gwangwanin yana cikin akwatina, tare da takardar da na ja wa layi, a ƙarƙashin likkafanina. Tukunya ɗaya da na hana a sayar ita ce wadda kuke cin tuwo daga cikinta duk Juma'a kuna gunaguni da Larabci. Ku ci gaba da cewa Ummi mai taurin kai ce, ban hana ku ba. Na yafe muku wannan tun kafin ku nema, don nawa ne, ina da ikon yafe shi.